Bindigar da Virgil Ya Naɗe a Leda

Duk wanda ya san Virgil Tollefson a garinmu, da abu biyu ya san shi: taurin kai da salatif. Yana saurayi ya zo Alaska aikin gwangwanin kifi, wai damina ɗaya zai yi ya koma gida, sai ga shi ya tsufa a kan motar share dusar ƙanƙara. Gidansa na katako a bakin rafi shi ya gina da hannunsa, kuma rabin gidan salatif ke riƙe da shi, irin mai faɗin nan ruwan toka. Takalmin roba ya yage, salatif. Kwalekwale ya huje, salatif. Ranar da ya faɗo daga rufi ma da shi ya naɗe haƙarƙarinsa, ya ce asibiti na marasa aikin yi ne.

Matarsa Opal kuwa ta gaji. Ta gaji da jidar itace, ta gaji da duhun hunturu, gwiwoyinta ba sa barinta barci. 'Yarsu Noreen ta gyara musu ɗaki mai ɗumi a birnin Anchorage, kusa da jikoki, kuma Opal ba ta taɓa ɓoye cewa can ranta yake ba. Virgil ya ce gawarsa ce kaɗai za ta bar bakin rafin nan.

Bara ne abin ya ɓaci. Beyar, ƙaton naman dajin nan mai gashi da farata, ya hau barandarsu da rana tsaka, ya lashe kifin da aka shanya tas, Virgil yana ciki yana shan gahawa bai ji ko motsi ba, don kunnen ya fara tafiya. Noreen ta zo a fusace ta kafa sharaɗi.

"Baba, ka nemi bindigar kirki da za ka kare Mama in kun shiga daji. In aka sake samun matsala da beyar, wallahi mota zan kawo in kwashe ku. Mama, ke za ki faɗa mini."

"Da gudu ma," in ji Opal.

Tsohuwar bindigarsa tsatsa ta cinye ta, ruwan saman garin nan ba ya raga wa ƙarfe. Sai Virgil ya tare a kantin Hollis mai sayar da bindigogi, kullum da safe yana can kamar ɗan haya. Ya ɗauki wata ƙatuwar libarba yana juyawa.

Hollis ya ce, "Ajiye ta, tsoho. Wannan wuyan hannunka za ta fara karyawa kafin beyar ya iso."

Aka ba shi doguwa mai madubin hangen nesa. Hollis ya ce ita sai abu na nesa, beyar mai tozo kuwa ba ya aiko da sallama, daga cikin ƙurmi yake fitowa a kanka. Aka ba shi wata ya gwada a bayan kanti, ta yi shuri irin na jaki, Virgil ya zauna daɓas a cikin taɓo, 'yan zaman kashe wando suka yi ta tafi. Wani ya ce ai barkonon fesawa ya fi duk waɗannan.

"In yi wa beyar yaji? Cin sa zan yi ko shi zai ci ni?"

Sai da bazara ta ƙare kafin ya tsayar da magana a kan wata mai gajeren baki, mai saurin ɗagawa, harsashinta kamar babban yatsa. Gaskiya ya yi zaɓi, kowa ya yarda. Yana fita Hollis ya bi shi da shawara: "Ka manna ɗan salatif a bakinta saboda ruwa, harsashi zai fasa ya wuce."

Haba Hollis! Duk mutanen duniya ka rasa wanda za ka ambata wa salatif sai Virgil?

Ranar da za su hau tudu tsinkar 'ya'yan itacen daji, waɗanda Opal ke dafawa ta cika kwalabe don hunturu, aka tashi da yayyafi. Virgil ya dubi sama, ya dubi amaryar bindigarsa tana ƙyalli, ya tuna abin da tsatsa ta yi wa waccan. Ya manna wa bakin salatif. Ya ga kunamar ma za ta jiƙe, ya sa tsumman mai. Ya zura ta a baƙar ledar shara, ya bi da salatif daga baki har gindi, ya sake komowa.

Opal ta ce, "Kifi za ka aika wa Noreen?"

"Ke dai ɗauki bokitinki."

Bokitin bai kai rabi ba ƙurmin da ke gabansu ya dare. Ƙaton beyar mai tozo ne, kunnuwa a kwance, haƙora na ƙas-ƙas, ya taho ƙasa na girgiza. Virgil ya kai hannu ga kunama, ya ji leda. Ya nemi bakin salatif da farce, ina! Yatsu sun daskare, ruwa ya sa komai santsi. Ya sa haƙori, haƙoran roba suka zame. Aikinsa ne, kuma aikin Virgil ba ya warwaruwa.

Sai ya daina. Ya taka ya shiga gaban Opal, ya tura ta bayansa da gwiwar hannu, ya riƙe ƙunshin a gicciye kamar sanda, ya buɗe baki.

"Tsaya nan, ɗan banza ɓarawon kifi!"

Beyar ya ci birki dab da shi, har Virgil ya ji ɗumin numfashinsa da warin ruɓaɓɓen kifi. Beyar ɗin ya daki ƙasa da hannu, ya yi huci, ya juya ya shige ƙurmi. Kowa a nan ya san sau da yawa barazana ce kawai suke yi, amma ba mai sanin wacce ce sai ta wuce.

Suka sauko gida. Virgil ya san ta ƙare masa. Ya zauna a kan kujera yana kallon katakon da ya fere da hannunsa, zuciyarsa ta yi baƙi ƙirin, ga kunya. Da yamma waya ta yi ƙara, Opal ta ɗauka, ta ɗaga murya yadda ko kurma zai ji.

"Noreen? Lafiya lau. Mun hau tudu, e. Bindigar? Tana nan, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba." Ta saurara, idonta a kan mijinta. "A'a. Ba mu ga komai ba sai sauro."

Ta ajiye wayar. Virgil ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Kada ka gode mini, haushinka nake ji," in ji ta, tana goge ido da bayan hannu. "Hunturu ɗaya na ƙara maka, don ka shiga gabana. Tashi ka saro itace, gwiwoyina ba za su iya ba."