Bulon Babayo Mai Kusurwa Biyar

Babayo yayana ne, cikinmu ɗaya, don haka in na faɗi halinsa kada wani ya ce gulma nake yi. Ni Aisa na yi masa wanki, na kai masa tuwo bakin aiki, na kuma sha cika bakinsa tun ban yi wayo ba.

Mahaifinmu magini ne, mutumin Haɗeja. Ya zo Gashuwa gina wani soro, ya ga mahaifiyarmu Yagana a bakin kogi tana jiƙa kabar saƙa tabarma, shi ke nan ya fasa komawa. Babayo ya gaji hannun uba, wannan kam ban hana shi ba. In ya yaɓe bango ya zana masa ado, sai ka tsaya kallo. Abin da bai gada ba shi ne kama baki. Yakan wuni a gindin zauren da ya gama yana jiran masu wucewa, wanda ya wuce bai tanka ba ya bi shi da, "Malam, idonka lafiya kuwa?"

Bayan rasuwar Baba sai Gashuwa ta yi masa kaɗan. Lokacin jirgin ƙasa ya daɗe da zuwa Nguru, fatake sun cika garin, kowa na son soro. Shekarar da sojoji suka fara dawowa daga yaƙin Bama ya ɗaure kayan aikinsa ya tafi, ya bar ni da Iya.

A can ne ya leƙa kantin wani Kwara, Balaraben Sham, kusa da tasha, ya ga daɓen da bai taɓa gani ba. Bulo ne fale-fale da aka kawo a jirgi, kowanne kusurwa shida, an jera su sun manne da juna kamar saƙar zuma, ba tsagi ko ɗaya. Alhaji Sabitu, wani attajirin fata da ƙaro, ya ce yana son irinsa a zaurensa, ya tambayi Babayo ko zai iya. Mai hankali sai ya ce zai gwada. Shi kuwa yayana, a gaban jama'a, ya taɓe baki ya ce, "Shida na mene ne, Alhaji? Wannan lissafin baƙi ne. Salla biyar ce, shika-shikan Musulunci biyar, yatsun hannu biyar. Zauren Musulmi bulo mai kusurwa biyar ya dace da shi, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa." Mutane suka yi ta masha Allah, kansa ya ƙara girma.

Ya sa wani kafinta mai suna Wakili ya ƙera masa ɗan akwatin buga bulon. Ya dawo gida ɗibar yumɓu, don na bakin koginmu ya fi na Nguru danƙo. Bulon farko da ya buga bai gasa shi ba, ya shanya shi a rana ya kawo wa Iya. Ta juya shi a hannu ta ce ya yi kyau, Allah ya yi albarka. Gaskiya ya yi kyau.

Na ce, "Yaya, ka jera su ka gani kuwa?"

Ya ce, "Ke je ki duba tukunyarki, kada miya ta kama."

Bai jera ba. Ya buga tuli guda, masu tukwane suka gasa masa, aka ɗora wa takarkarai sai Nguru. Ranar shimfiɗawa ma bai yi a ɓoye ba, sai da ya gayyato mutane, har da maroƙi. Waɗanda suka gani sun ba ni labari har na haddace. Ya ajiye na farko, ya manna na biyu a gefensa, ya zauna cif. Ya kawo na uku ya haɗa kusurwarsa da tasu, sai ga wani tsagi ya buɗe tsakani, kamar an yanke ɓarin kabewa. Ya ɗauko na huɗu zai cusa, ya ƙi shiga, ya hau kan 'yan'uwansa. Ya kwashe ya sake daga wani gefen, tsagin nan ya biyo shi.

Babayo ya fara da zagin kafinta. Daga nan ya koma kan masu gashi, ya ce wuta ta karkata bulon. Har takarkarai sai da suka sami rabonsu. A cikin 'yan kallo akwai Mudi, wani mai sayar da bandar kifi daga unguwarmu, ya yi dariya ya ce labarin nan zai riga Babayo isa Gashuwa. Sai yayana ya miƙe, hannu duk ƙasa, ya ce, "Wallahi ƙafata ba za ta sake taka Gashuwa ba sai daɓen nan ya haɗu, ko allura ba ta shiga." Kun ji fa. Saboda dariyar mai kifi ya rantse a kan garin da uwarsa take.

Alhaji Sabitu ya yi haƙuri har ya gaji, ya kira mata suka yi masa daɓen makuba irin na kowa, ya shimfiɗa buzunsa ya ci gaba da harkarsa. Babayo ya kwashe bulonsa ya kama ɗaki a bayan kasuwa. Da rana ya yi yaɓe ya sami na abinci, da yamma ya tsuguna yana jera bulo. Wakili ya ba shi shawara ya yanka 'yan sirara ya cike tsagin, ado ma zai ƙara. Ya ce shi ba ya faci. Wakili ya ce to a rage wani gefen a ƙara wani, kamar yadda yara ke zana ɗaki da jinkarsa, zai zauna. Ya ce duk gefen sai sun zo ɗaya. Wani malami ma ya tuna masa cewa sallolin da yake ta kafa hujja da su ba tsawonsu ɗaya ba, asuba raka'a biyu ce, magariba uku. Ya ce malam ya tsaya kan allonsa.

Ana haka Iya ta kwanta. Sanyin kogi ya kama mata ƙafafu da ƙirji, har ta kai ko ruwan alwala ba ta iya taɓawa. Sai ta sa na ɗauko mata bulon nan ɗanye da ya ba ta, ta ajiye shi a gefen shimfiɗa tana taimama da shi. In ta idar da salla ba ta mayar da shi, sai ta riƙe tana shafawa. Duk ranar da fataken Nguru suka sauka sai ta ce, "Aisa, leƙa ki gani ko da shi." Ina leƙawa, na san ba shi.

Da na ga jikin ya ƙi, na bar ta wajen maƙwabta na bi ayarin masu gero zuwa Nguru. Na same shi a ɗakin nan ya rame, gemu ya yi buzu-buzu, ƙasan ɗakin duk zane. Bulo iri-iri, manya da ƙanana, har da masu faɗin kwabo. Wai a tunaninsa in ya ƙanƙanta bulon tsagin zai ɓace. Tsagin ya ƙanƙance dai, amma yana nan yadda yake, yana kallonsa.

Na ce, "Yaya, Iya ba ta da lafiya. Tashi mu tafi."

Ya ce, "Kin san na rantse."

Na ce, "Na tambayi liman. Miskinai goma za ka ciyar, rantsuwa ta warware. Ni zan daka, ni zan dafa, kai dai ka taso."

Ya daɗe yana juya wani ɗan bulo a hannu, sannan ya ce, "Da wane ido zan dubi Mudi?" Wato ba tsoron Allah ne ya riƙe shi ba, tsoron mai banda ne. Raina ya ɓaci, na miƙe. Da zan fita ya ce, "Ki gaya wa Iya saura kaɗan."

Na gaya mata. Ta ce to, Allah ya haɗa masa. Ta ƙara damina ɗaya tana sa ni leƙen fatake, kogi na cika ta cika.

Ranar sadakar bakwai sai ga shi ya yi sallama, ƙura har gwiwa. Daɓe bai haɗu ba, bai ciyar da kowa ba, ashe ƙafar tana iya taka Gashuwa. Mudi ma na zaune cikin masu gaisuwa, ya yi masa ta'aziyya kamar kowa, ya ma manta da wata dariya. Babayo ya rayu bayan nan yana gina katanga da rumbu, bai sake yi wa bango ado ba, amma ni abin da nake tunawa shi ne shigarsa ɗakin Iya a ranar.

Ya tsaya yana dube-dube, ya tambaye ni ko ta bar masa wata magana. Na ɗauko bulon daga gefen shimfiɗarta na sa masa a hannu. Ya juya shi, ya bi gefensa da yatsa. Ya yi sumul, ya kusa zama faifai.

Ya ce, "Wannan ba nawa ba ne. Nawa kusurwa biyar gare shi."

Na ce, "Naka ne, Yaya. Hannunta ne ya cinye su tana jiranka."

Ya zauna a ƙasa da shi a cinya. Na fita na bar shi, don akwai baƙi a tsakar gida ba a kai musu ruwa ba.