Ƙarshen Fim a Bakin Yaya Bashari

A watan nan Yaya Bashari ya cika shekara bakwai da rasuwa. Yayana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne babba ni ce auta. Yana kwance a wata maƙabarta a gefen Manchester, ni kuma ina Erdington a Birmingham, inda aure ya ajiye ni. Ban taɓa fasa yi masa addu'a da sadaka ba, amma kusan duk shekarun nan fushi nake da shi. Ashe mutum yana iya ɗaga hannu ya roƙa wa ɗan'uwansa rahama alhali zuciyarsa cike take da jin haushinsa. Na yi, na san ana yi.

Kafin in faɗi abin da ya yi mini, sai na fara komawa Kano. Lokacin da muke yara, 'ya mace ba ta zuwa silima a unguwarmu. Wadda aka gani a ƙofar silima, kafin ta iso gida labarinta ya riga ta. Maza ma a sace suke zuwa, kuma Yaya ya sha bulalar Baba a kan haka har an gaji an ƙyale shi. Abin da ya rage mana mu mata shi ne labari. Washegari da hantsi, ina wanke-wanke a gindin famfo, sai Yaya ya kifa turmi ya zauna ya ba ni fim ɗin jiya tun daga rubutun farko har inda aka tashi. Yana yin muryar kowa, yana yin kiɗan da baki, in an zo wajen faɗa ya miƙe tsaye yana dukan iska. Ladansa kuwa in wanke masa kayan makaranta. Inna daga madafi takan ce mu dai ba mu da aikin yi, amma na sha lura tuƙin tuwonta yana raguwa in labari ya ɗauki zafi.

Akwai guda ɗaya da na fi so, tsohon fim na Turawa, labarin wani masunci da ya fita teku guguwa ta rutsa da shi. Matarsa kullum da yamma sai ta kunna fitila ta ajiye a taga. Mutanen gari suka yi ta ba ta haƙuri, suka ce ta kashe fitilar ta rungumi ƙaddara, ta ƙi. Ni da ko kogi ban taɓa gani ba, sai da na san ƙamshin tekun nan a bakin Yaya. A ƙarshe, in ji shi, wata safiya ta hango jirgi yana tafe a karkace, mutumin ya sauko gemu buzu-buzu, ya dube ta ya ce, “Me kika dafa?” Nan Inna ta kasa riƙe dariyarta daga madafi. Na sa ya maimaita mini wannan labarin ban san iyaka ba. In na ce gabana na faɗuwa a tsakiya, sai ya ce, “Haba Auta, akta ai ba ya mutuwa.”

Karatun injiniya ne ya kawo shi ƙasar nan. Ya yi zama a wani ɗan ɗaki a Hulme, ya gama, ya sami aiki, ya auri Anti Hauwa suka koma Salford, suka haifi Ikram. Ni na biyo baya bayan wasu shekaru. A can Manchester ya gano wani tsohon gidan silima da ya girmi iyayenmu, inda wasu ranakun Lahadi da rana ake sa tsofaffin finafinai a kan allo mai faɗin gaske. Mutumin nan kamar an ba shi kujerar Makka. Ya kira ni yana haki: “Auta, wallahi ba mu taɓa kallon fim ba ashe! Abin da muka gani a gida duk zane-zane ne a jikin bango. Ki ga screen ɗin, labulen gabansa sai buɗewa yake, yana buɗewa, har sai kin juya wuya kafin ki ga ƙarshensa.”

Ya yi ta fama in zo mu je tare. Na ce masa a'a. Na san nan ba Kano ba ce, ba mai ganina balle ya kai rahoto, amma abin da aka dasa wa mutum yana ƙarami ba ya fita don ya hau jirgi. Kuma gaskiyar magana, labarinsa ya ishe ni. Sai muka koma ɗabi'armu ta da. Yana fitowa daga kallo ya hau tram, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, zai kira ni, ni ina tsaye a kicin ina wanke kwanuka, shi yana ta zuba da Hausa a tsakiyar Turawa, har ina jin muryar da ke sanar da tasha tana katse shi. Mijina yakan ce mu biyun nan ba za mu girma ba.

Da rashin lafiya ta zo, da wannan muryar ya ba ni labarinta. Na ga ya rame a wata Sallah da muka haɗu, ya ce ulsa ce, likitansa ya hana shi yaji. Da na ji yana yawan zuwa asibiti, ya ce ai check-up ne, Turawa da son gwaje-gwaje. Har kwaikwayon likitan yake yi mini, yadda yake gyara tabarau, ina ta dariya. Na taɓa matsa masa na ce ya gaya mini gaskiya, sai ya ce, “Haba Auta, akta ai ba ya mutuwa.” Inna ma a Kano abin da yake gaya mata ke nan. Ashe ciwon daji ne, kuma ya san inda aka dosa tun da wuri. Ya hana Anti Hauwa faɗa, ya ɗaure ta da alkawari. Ranar da ta kasa jurewa ta kira ni, na bar girki a kan wuta na kama jirgin ƙasa zuwa Manchester. Na same shi yana numfashi, amma bakin nan da bai taɓa gajiya da magana ba ya rufe.

Abin da ya tsaya mini a rai ke nan. A wajenmu, in mutum ya ga alamar tafiya, yakan kira 'yan'uwansa a yafi juna. Ni ban samu wannan ba. Ban ce masa ya yafe mini ba ya amsa, bai ce in yafe masa ba in amsa. Na riƙe hannunsa na yi ta magana ni kaɗai. Tsakaninmu tafiyar da ba ta kai rabin yini ba, da na sani da kowane mako ina wurinsa. Na ji ya mayar da ni yarinyar gindin famfo, wadda ba ta isa a gaya mata abu mai nauyi ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai, kuma ba wanda zan kai wa ƙara.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. 'Ya'yana suna kallon fim a waya, abin da bai fi tafin hannu ba, suna tsallake duk inda aka yi shiru. Na san zai dafe kai ya ce an zuba teku a cikin kofin shayi. Tsofaffin gidajen silima da nake wucewa a Birmingham wasu sun zama shagunan kafet, wasu wurin biki, kuma an ce na gida ma haka da yawa suka koma. Yanzu har fassara ake yi wa finafinai da Hausa, ba mai buƙatar wani yaya ya kifa turmi. Ina jin wannan zai ba shi dariya, ya ce sun ƙwace masa sana'a kuma ba su iya kiɗan baki ba.

A farkon shekarar nan Ikram ta kira ni. Tana jami'a yanzu, Hausarta a karye, Turancinta na mutanen Manchester sak. Ita ce take raka shi kallo tun tana ƙarama. Ta ce, “Gwaggo, za a sa fim ɗin Abba, the one with the fisherman, na masunci. Please ki zo. Ba na so in je ni kaɗai.” Ba yadda zan yi da 'yar marigayi. Haka na yafa mayafina, da furfurata da komai, na shiga silima karon farko a rayuwata, ina waige-waige kamar wani daga unguwarmu zai ɓullo.

Duk abin da ya faɗa game da wurin gaskiya ne. Jajayen kujeru da suka sha zama, rufi mai ado kamar na tsohon masallaci, da ƙamshin katako da ƙura. Ikram ta hau da ni bene, ta nuna mini layin da yake zama. Yawancin 'yan kallo tsofaffi ne, kowa ya yi tsit. Aka rage fitilu, labule ya fara buɗewa, ya yi ta buɗewa, sai ga teku ta cika mini ido daga wannan bango zuwa wancan. Sai da na riƙe hannun kujera. Na gane kowa. Na gane matar, na gane tagar, na gane maƙwabciyar nan mai baki da Yaya yake yi wa muryar wata dattijuwa ta unguwarmu. Kiɗan ma na riga shi a zuci. Da guguwa ta taso na ji Ikram tana jan hanci, na sunkuya na raɗa mata, “Kar ki damu, zai dawo.” Ta juyo ta dube ni a cikin duhu.

Safiyar ta zo kamar yadda na sani. Matar ta hango jirgi yana tafe a karkace, ta ruga bakin ruwa. Sai dai mutanen gari ne suke janyo shi da igiya, kuma ba kowa a ciki. Ta koma gida, ta daɗe tsaye a gaban taga, sannan ta hure fitilar. Rubutu ya fara hawa, labule ya fara rufewa, mutane suka miƙe suna saka riguna.

Ni ban motsa ba. Na ce wa Ikram, “Sun yanke. Wallahi sun yanke ƙarshen.” Yaya ya sha gaya mini yadda masu silima a gida suke yanke fim in dare ya yi musu, 'yan kallo su yi ta ihu. Har na fara tattara mayafina zan sauka in sami mai kula da wurin in tambaye shi ina sauran. Ikram ta riƙo hannuna. “Gwaggo, haka yake. He doesn't come back, ba ya dawowa. Na kalla da Abba sau biyu.” Na ce to wurin da ya ce me kika dafa fa? Ta ce babu wannan wurin.

Na koma na zauna. Tun yana saurayi ya ga wannan jirgin ba kowa a ciki, ya tako gida a ƙasa da abin a ransa, ya kwana, da safe ya dubi ƙanwarsa da hannu cikin kumfa ya dawo mata da masuncin. Ban san finafinai nawa ya gyara mini haka ba. Da na duba baya, ban tuna ko guda ɗaya a bakinsa da ya ƙare da kuka ba, ni kuma ban taɓa tambayar dalili ba. Na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza, har wata tsohuwar Baturiya ta miƙo mini hankici tana cewa ita ma kullum wurin nan yana karya mata zuciya.

Ban ce fushin ya tafi nan take ba. A jirgin komawa Birmingham ma sai da na ce a raina, fim daban, rai daban, ba shi da hurumin gyara mini mutuwarsa. Ina cikin haka Inna ta kira daga Kano. Ta tsufa sosai, idonta ya yi rauni, kuma tun rasuwarsa ba ta cika ambaton sunansa ba. Ta ji ƙarar jirgi ta tambaye ni daga ina. Na ce na raka Ikram silima ne, na shirya jin faɗa. Sai ta ce, “Wanne aka yi?” Na ce na masuncin nan. Na ji muryarta ta washe, irin yadda na daɗe ban ji ba. Ta ce, “Allah sarki, mai gemun nan. Ya dai dawo ko?”

Na buɗe baki da niyyar gaya mata abin da na gani. Ina jin numfashinta a waya tana jira.

“Ya dawo, Inna,” na ce. “Ya sauko ya ce mata me kika dafa.”

Ta yi dariya har da tari, ta ce ja'irin mutum, ko sannu babu. Ni kuwa na kifa kai a jikin tagar jirgin, hannuna a kan baki don kada ta ji.

Yaya bai bar gidaje ba, bai bar suna a wani wuri ba. Ya bar Ikram, ya bar kujera a bene da wani yake zama yanzu, ya bar wata tsohuwa a Kano da har yau take da masuncin da ya dawo gida. Har gobe ina ganin da ya gaya mini gaskiya da ya fi, kuma da zan gan shi sai na faɗa masa haka. Amma yanzu na san nauyin abin a baki, na san yadda yake ƙin fita in wanda kake ƙauna yana jiran ka ce lafiya. Makon jiya na je kabarinsa na yi masa addu'a, na kuma faɗi abin da na riƙe shekara bakwai ina jiran ya fara nema. Na yafe maka, Yaya, duniya da lahira. Kai ma ka yafe wa Auta. Allah Ya sa ka isa gida lafiya.