Larabar Maigidana

Sati uku da rasuwar maigidana wani ɗan kabu-kabu ya yi sallama a ƙofar gida da takarda a hannunsa. Ina cikin takaba, ko zaure ba na leƙawa, sai Gwaggo ta je ta karɓo. Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ita aka ajiye ta zauna da ni har in fita. Ba ta yi lakwal ba, ba ta karatun boko, don haka ta miƙo mini takardar, ta ce in duba ko ta ta'aziyya ce daga abokan aikinsa.

Da Faransanci aka rubuta ta, da jan bik, wato biro, kuma maigidana aka rubuta wa. An ce masa Laraba uku ke nan a jere bai zo darasi ba, bai kuma aiko da sanarwa ba. Bisa ƙa'idar da ya sa wa hannu, kuɗin watan ba ya dawowa, kuma in Laraba mai zuwa ta wuce ba a ji daga gare shi ba, za a ba wani awarsa. Daga ƙasa an ƙara layi ɗaya, cewa an ɗauke shi mutum mai cika alkawari.

Na karanta, na sake karantawa. Duk Malanville mutum ɗaya ya rage da ke jin haushinsa kamar yadda ake jin haushin mai rai. Kwana biyu takardar tana ƙarƙashin tabarmata ban gaya wa kowa abin da ke ciki ba.

Maigidana yana yi wa masu kamiyo, manyan motocin kaya, takardun duwan ne, wato kwastan, a bakin gadar iyaka. Gidansu gidan fatake ne tun kakanni, albasa da goro, kuma a irin gidan nan ɗa ba ya taɓa abin kiɗa. Amma shekara guda da rabi kafin rasuwarsa ya fara zuwa koyon gita kowace Laraba bayan la'asar, wajen wani tsoho da kowa ke kira Mushe, wato yallaɓai da Faransanci. Tsohon malamin lakwal ne, mutumin kudu, ya yi kiɗa a ƙungiyar gwamnati zamanin juyin juya hali. Da aka koma mulkin zaɓe ƙungiyar ta watse, ya zauna a wani ɗan gida bayan tashar kamiyo yana koyarwa, mutum ɗaya awa ɗaya. Ba ya zuwa masallacinmu, ba ya zaman kasuwa. Da aka aika sanarwar rasuwa har Gaya da Kandi, ba wanda ya tuna da shi, domin ni kaɗai na san da zancen.

Gitar ta Mushe ce, a can take kwana. Ban taɓa jin maigidana ya kaɗa ba. Yakan ce in yi haƙuri, akwai kiɗa ɗaya da yake koyo, in ya iya shi har ƙarshe zai aro gitar ranar da yayansa ya tafi Kwatano, ya rufe ƙofa ya kaɗa mini. Zazzaɓin kwana huɗu ya riga shi.

Shekara shida muka yi, Allah bai ba mu haihuwa ba. Na san in na fita takaba gidanmu zan koma, Madécali. Teburinsa na bakin gada tun kafin sadakar bakwai wani ya zauna a kansa. Motonsa, wato babur ɗinsa, da rigunansa suna jiran rabon gado. Awar nan ta Laraba ita kaɗai ce ba ta shiga lissafin kowa ba, kuma a cikinta ne kaɗai akwai abin da ya yi mini alkawari. Ina so ta jira ni.

Ranar Litinin na gaya wa Gwaggo. Ta kalle ni, goro a kunci.

"Gita? Ɗan wana? To, Allah ya rufa asiri da ubanai ya riga shi tahiya, da wannan ce za ta kashe shi."

Ta yi faɗa har ta gaji, ta ce ni ma da na sani na yi shiru ba ni da kirki. Da azahar ta ɗauki mayafinta ta tambaye ni ta ina ake bi.

Abin da ya faru a can daga bakinta na ji. Ta ce da ta gaya wa Mushe rasuwar, da Dandanci, yaren gari, ya cire tabarau ya ajiye a gwiwa. Sannan ya tambayi ranar, ya buɗe kaye, littafin ɗalibansa, ya rubuta. Ya ce a ba ni haƙuri kan takardar. Ya ɗauko kuɗin watan zai mayar, ta ce ba wannan ya kawo ta ba. Ta faɗa masa buƙatata: a bar awar yadda take, za mu riƙa biya kowane wata, har in fita in zo ya kaɗa mini abin da marigayi ke koyo.

Ya ƙi. Ya ce ba ya karɓar kuɗin benci wanda ba kowa a kansa. Mai rashin lafiya ko tafiya, in ya sanar kwana ɗaya kafin darasi, yana riƙe masa wuri har sati huɗu, ba ya wuce haka, kuma mutum biyu na jiran Larabar nan tun bara. Gwaggo ta ce to, in na fita in zo kawai ya kaɗa mini. Ya ce shi ba maroƙi ba ne, ba ya kaɗa wa baƙi, a cikin darasi kaɗai yake taɓa gita. Abu ɗaya ya yarda da shi: in wani daga gidan ya zo ya zauna a awar, awar ta gidan ce, ya taɓa yi wa 'yan'uwa haka. Amma wanda ya zauna sai ya riƙe gita.

Na tambaye ta me ta ce masa.

"Na ce mishi ni da na je Makka? Ya ce gitar ba ta tambaya." Ta tofar da goro. "Jibi zan koma. Ke kuma kada ki kuskura ki yi mini godiya."

Haka aka fara. Na sayar da kwallata biyu ta hannun maƙwabciya, kowane farkon wata dala ɗari shida, Gwaggo ta ƙulle a bakin zane ta kai. A gida ta ce wajen mai ɗori take zuwa saboda gwiwarta. Matar yayan maigidana ta ce gwiwar nan ta san Laraba, Gwaggo ta ce ta kuma san masu sa ido.

In ta fita, sashen namu yakan yi shiru irin wanda ban saba ba. Masu zuwa gaisuwa sun ragu tun bayan arba'in. Ina zaune a tabarma da zane ɗaya da nake ɗaurawa tun ranar farko, ba kwalli ba turare, ina jin ƙarar kamiyo suna hawa gada. A lokacin nan ne dā nake dafa masa shinkafa ina jiran ya dawo, in tambaye shi ya darasi, ya ce da sauƙi. Yanzu Gwaggo nake jira, ita kuwa ba ta taɓa cewa da sauƙi ba. Ta ce Mushe ya ce tana riƙe gita kamar akuyar da za a kai kasuwa. Ta ce ya sa ta yanke farce. Ta ce sun yi gardama kan ƙofa, ita tana so a rufe kada a gan ta, shi yana so a buɗe kada a yi zance, har ta ce masa su biyun in aka haɗa haƙoransu ba su cika baki ɗaya ba, zancen me za a yi. Wata rana na roƙe ta ta tambaye shi kiɗan, ko ta ɗan rera mini. Ta dawo ta ce ya ce ba ta kai nan ba, tana tsirkiya ta biyu.

A wata na uku aka yi haihuwa a gidan 'yarta a Garou. Gwaggo ta tafi ranar Lahadi da niyyar kwana biyu, ba ta sanar da Mushe ba don ta san za ta dawo. Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya, hanya ta yanke, moto ba ya wucewa. Laraba ta wuce. Ta biyu da ta uku ma suka wuce. Lokacin salula ba ta zo mana ba, kuma ba ni da wanda zan aika ba tare da na buɗe zancen ba.

Laraba ta huɗu, wadda in ta wuce za a ba wani awar, tun hantsi nake sauraren ƙofa. Aka kira azahar, aka kira la'asar. Na yi salla, na ɗauki mayafi, na sa takalmi, na bi ta bayan rumbun albasa har cikin zaure. Rabona da wurin tun ranar da aka fita da gawar maigidana. Ƙofar a buɗe take, ina ganin titi, ruwa kwance, wata mai tallan kifi tana tsallakawa. Daga nan zuwa gidan Mushe bai fi tafiyar minti goma sha biyar ba. Na san in na taka waje, kafin magariba gari ya ɗauka cewa matar wane ta fita takaba ta tafi gidan makaɗi, kuma sunan maigidana za a kira, ba nawa ba. Abin da ya ɓoye shekara da rabi ni zan tona. Na juya na koma ɗaki na cire takalmin. Ban yi kuka ba. Na ce a raina shi ke nan.

Ana kiran magariba Gwaggo ta shigo, taɓo har gwiwa, takalmi a hannu. Amalanken shanu ta hau zuwa inda hanya ta yi kyau, daga can moto, kuma ba gida ta fara zuwa ba. Ta ce ta iske Mushe ya riga ya buɗe kaye, ya duba agogo ya ce ta makara da rabin awa, rabin awa ya rage mata, ta wanke hannu kafin ta taɓa masa gita.

"Tsohon nan ko Mala'ikan mutuwa ya zo mishi, sai ya tambaye shi ko ya sanar tun jiya."

Na zuba mata ruwan zafi a bokiti. Ranar ce na fara yin dariya, kuma ban ji daɗinta ba.

Na fita takaba ranar Litinin. Aka yi wanka, aka yi kitso, aka ba ni sabon zane, mata suka cika gida suna barka. Yayana ya aiko cewa ranar Juma'a zai zo ya ɗauke ni. Laraba ɗaya ke gare ni.

Muka tafi tare da Gwaggo. Ɗakin ƙarami ne, benci ɗaya, kujera ɗaya, agogon bango, takardar ƙa'ida manne a bayan ƙofa ta yi ja don tsufa. Mushe ya fi yadda na zata ƙanƙanta. Ya gaishe ni da Madam, ya yi mini ta'aziyya a taƙaice, ya nuna mini benci. Ya sa mini gitar a cinya, tun da ƙa'ida ce, ya bar ni na riƙe ta kaɗan. Wuyanta ya yi santsi inda hannuwa ke kamawa. Sannan ya karɓa.

"Madam, yadda kiɗan yake zan kaɗa, ko yadda shi yake kaɗawa?"

Na ce yadda shi yake kaɗawa.

Ban san kiɗan ba. Na yi wata huɗu ina zaton in na ji zan gane wani abu, ko waƙar da muka taɓa ji tare, ko ta garinmu. Ba ko ɗaya. Wani kiɗa ne mai sanyi na mutanen kudu, yana tafiya a hankali kamar mai taka tsani. Ya yi nisa kaɗan sai ya yi tuntuɓe, tsirkiya ta yi ƙara maras daɗi. A nan Mushe ya ɗaga kafaɗar hagu ya yi ɗan tsaki, ya koma farko. Ba na jin ya san ya yi. Haka maigidana yake yi in bik ya ƙi rubutu, ko ashana ta ƙi kamawa, kafaɗar hagu da tsakin nan da ba ya fita sosai. Na kama bakin benci.

Sau uku ya kai wurin, sau uku ya faɗi. Ya ɗora tafin hannu a kan tsirkiyoyin ya ce nan marigayi ya tsaya. Ya ce hannunsa yana da nauyi, ya fara da girma, amma bai taɓa makara ba ko sau ɗaya. Ya tambaya ko ina so in ji sauran, yadda ya kamata ya ƙare. Na ce a'a, ya sake na farkon. Ya yi ta sakewa har agogo ya cika. Gwaggo tana bakin ƙofa ta juya mana baya, tana jan carbi.

Wani jandarma ya riga ya iso yana jiran awarsa a waje. Na gaya wa Mushe jibi zan bar gari, ya ba wanda ke jira Larabar. Ya gyaɗa kai ya rubuta. Ya dubi Gwaggo ya ce ita fa, ta kusa tsirkiya ta huɗu. Ta ce Allah ya kiyaye, gwiwarta ta warke.

A hanya ina ta maimaita kiɗan a zuci don kada ya zube. Amma ranar ce ta farko da mutane suka gan ni a waje, kowa sai ya tsayar da ni, masu albasa, matan unguwa, abokan aikinsa na bakin gada. Barka da fita, ya haƙuri, Allah ya jiƙansa. Na amsa wa kowa yadda ya kamata. Kafin mu kai gida farkon ya ɓace mini, washegari sauran ya bi shi.

Ranar Juma'a yayana ya ɗaure akwatina a bayan moto muka kama hanyar Madécali. Shinkafa ta yi kore dama da hagu, iska tana kaɗa mayafina. Wajen rabin hanya ya juyo ya tambaye ni ko magana nake yi, ya ji kamar ina rera wani abu. Na ce masa a'a, ya duba gabansa akwai rami.