Maccido da Bakan Surukinsa

Maccido taubashina ne, saboda haka in na ce gajere ne, kuma albasarsa ba ta taɓa burge kowa ba, babu mai kai ni ƙara. Noma kam yana yi ne don kada a ce bai yi ba. Amma daga nan Kashin Zama, ka bi ta Sabiyal har ka faɗa Birnin Malam, in ana maganar baka da kibiya sunansa ake fara kira. Shi ke sassaƙa wa maharba baka, shi ke murza musu tsirkiya da fata, kuma duk wanda ya sayo baka a wani wuri sai ya kawo masa ya duba kafin ya shiga daji da shi.

Yana da yadda yake dubawa. Ba ya ɗora kibiya. Sai ya tsaya, ya ja tsirkiya sannu sannu yana jin yadda nauyin icen ke ƙaruwa a hannunsa, in ya kai inda yake so ya mayar da ita a hankali. Saki ne dai ba ya yi, kuma ba ya yarda a yi a gabansa. Ya ce ƙarfin da ya kamata ya bi kibiya, in babu ita, cikin icen yake komawa ya cinye shi. Na ga ranar da ya fizge baka daga hannun wani dattijo da ya girme shi saboda wannan, ya yi masa faɗa kamar ɗansa. Mutane sun san shi da haka, shi ma yana taƙama da haka, har ya yi yawa.

'Yarsa Salma tana auren Kamaluddeen, wani yaro mai lodin albasa daga Aliero zuwa Kwatano. Yaron kirki ne, ga kunya. Tun da aka ɗaura auren ban taɓa ganin ya haɗa ido da Maccido ba. Yana da gona a wajen Maiyama wadda birai suka hana shi sakat, kuma ya daɗe yana son maharba su karɓe shi cikinsu. To, a wata tafiya ya tsinci baka cikin kayan gwanjo, irin na Turawa, baƙi, mai 'yan tayoyi biyu sama da ƙasa kamar na keken ɗinki, igiyoyi sun sarƙe tsakaninsu. Ko jan sa bai gwada ba. Ya naɗe shi a buhu ya kawo wa surukinsa, don a ganinsa rashin ladabi ne wani hannu ya riga na Maccido.

Ina zauren ranar, da hantsi. Kamaluddeen ya gaishe mu, ya ajiye buhun, ya shige cikin gida gaida mata. Maccido ya zaro bakan yana juya shi yana taɓe baki.

"Dubi wanga abu," in ji shi. "Baka na ko injin ban ruwa?"

Na ce masa ya ajiye kayan mutane tun da ba a makarantarsu ya yi karatu ba. Da na san abin da zai biyo baya da ban tsokane shi ba, don maganata ce ta sa ya miƙe.

Ya ja. Da farko bakan ya yi tauri har jijiyoyin wuyansa suka tashi. Can da ya kusa kai hannu kunne, sai nauyin ya ɓace gaba ɗaya. Ashe haka aka ƙera shi, tayoyin nan ne ke ɗauke nauyi in an kai ƙarshe. Hannun Maccido kuwa tun yana yaro abu ɗaya ya sani: in baka ya yi sako-sako a hannunka, to ya fara tsagewa. Sai ya sassauta yatsu zai mayar da tsirkiya. Yana matsawa kaɗan nauyin ya dawo duka a lokaci guda, ya fizge ta daga hannunsa.

Ƙarar kamar an fasa taya. Tsirkiya ta tsinke, tayar sama ta lanƙwashe, hannun bakan ya tsage har gida biyu. Kamaluddeen ya fito da gudu, ya tarar da surukinsa tsaye riƙe da abin, igiyoyi na reto. Ya durƙusa.

"Baba, ba ka ji ciwo ba dai?"

Maccido ya kasa ko ajiye bakan, sai da yaron ya zare shi daga hannunsa ya mayar cikin buhu. Kafin nan maƙwabta sun taru a ƙofa suna tambayar lafiya. Kamaluddeen ya fita ya tare su.

"Ba komi. Ni naj ja shi babu kibiya, yak kuɓuce mani."

Maccido yana ji. Taku kaɗan ne tsakaninsa da ƙofar, da ya leƙa ya ce ba haka ba ne da magana ta ƙare a nan. Bai leƙa ba. Ya zauna a kan tabarma ya juya wa ƙofa baya, kuma wannan zaman shi ne abin da ya fi damunsa har yau, ba karyewar bakan ba.

Labari ya zaga. 'Yan dako a kasuwar albasa suka sa wa Kamaluddeen suna Sarkin Baka, in ya wuce sai wani ya ɗaga hannu yana jan iska. Har Jega sunan ya bi shi. Rufa'i, shugaban maharbanmu, ya aika masa cewa ya ci gaba da lodin albasa, daji ba wurin wasa ba ne. Salma ta daina zuwa gidan biki saboda habaicin mata. Yaron bai taɓa buɗe baki ya gyara maganar ba, ko ga matarsa.

Maccido kuwa ya rame. Ya karɓo guntayen bakan ya shige ɗaki da su, ya gwada ɗauri, ya gwada danƙo, ya kai wa mai walda, duk a banza. Matarsa Zulai ta ce mini tuwo ma sai ta yi da gaske yake taɓawa. Na same shi na ce ya fito ya faɗi gaskiya ya huta. Ya ce kullum da niyyar haka yake fita, in ya ga mutane sai harshensa ya yi nauyi. Haushi ya kama ni, na kuma ji tausayinsa, don ban taɓa ganin taubashina ya rasa abin cewa ba.

Ana nan har Salma ta haihu aka taru suna, bayan kaka. Maza sun cika rumfa, maharba na gefe guda, Kamaluddeen na zagayawa da goro. Da ya zo gaban Rufa'i, sai Rufa'i ya janye hannu yana dariya, ya ce a ba wani ya miƙo masa, kada goron ma ya kuɓuce. Rumfa ta ɗauki dariya. Yaron ya yi murmushi ya sunkuyar da kai, a ranar sunan ɗansa.

Maccido ya miƙe.

"Ku saurara. Ni nak karya bakan ga. Ni naj ja shi, ni nas saki. Yaron ga ko taɓa shi bai yi ba. Kunyata yar rufe, ni kau nay yi shiru nab bar shi da ita."

Rufa'i ya dube shi, ya girgiza kai.

"Haba Maccido. Kai? Zamna, mun gane."

Na tashi na ce a gabana aka yi, da idona na gani. Nan fa aka fashe da dariya fiye da ta farko. Tun muna yara nake ƙaga wa Maccido laifi a bainar jama'a, wa zai karɓi shaidar taubashi? Rufa'i ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juya ga yaron.

"Kamalu, tsakaninka da Allah, ba za mu sa ka rantsuwa ba. Wa yak karya bakan?"

Maccido ya zuba masa ido yana roƙon ya faɗi gaskiya. Kamaluddeen bai ɗago ba. A gaban wannan taron ba zai iya nuna uban matarsa da yatsa ba.

"Ni na," ya ce.

Rufa'i ya ce a shekarunsa bai taɓa ganin mutumin da zai zubar da sunan da ya yi rayuwarsa yana tarawa don ya rufa wa mijin 'yarsa asiri ba. Ya ɗaga hannu ya roƙi Allah ya ba kowa suruki irin Maccido. Rumfa ta amsa da amin. Na dubi Maccido. Yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar mutane, hawaye na bin gemunsa, na kusa da shi suna jan rigarsa ya zauna, suna ce masa Allah ya saka da alheri.