Tsamiyar da Baba ya ɗauka

Yau na bi ta wata tsohuwar unguwa a Kaduna, na tarar an sare tsamiyar da ke maƙale tsakanin benaye biyu, wai za a yi shaguna. Nan take kakana mai hoto, da muke kira Baba, ya faɗo min a rai.

Lokacin da kuɗin fetur suka shigo ya baro Ƙanƙara da kyamararsa, yana bin sababbin gine-gine yana ɗauka. Amma bai taɓa ɗaukar gini shi kaɗai ba, sai da bishiya a ciki, ko da reshe ɗaya ne.

Da ya tsufa ya taɓa kai ni gindin tsamiyar nan. Muka tsaya cikin hayaƙin motoci da ƙamshin gasasshiyar masara, muna jiran rana ta leƙo ta tsakanin benayen. Na ce, "Baba, danna mu tafi mana!" Ya ce, "Ke dai ɗiyar birni ce. Ginin yana nan, iccen ne baƙo."

Shi ne yau na kira Kawu a Mairuwa ya nemo min hoton tsamiyar. Ashe tun bayan rasuwar Baba ya cusa akwatin hotunansa a rumbu, gara ta cinye tas. Har yana ce min, "To mi za a yi da su? Ba mutane ciki hwa, duk gidaje da itace."

Haba Kawu, ko gero ai ana leƙa shi!

Yanzu babu tsamiyar, babu hotonta. Allah ya ba Baba inuwar da ba mai sarewa.