Kaka Cima da Irin Gyaɗar Babanmu

"In ji murya!" Duk wanda ya taɓa zama gaban Kaka Cima da abin ci a kusa ya san wannan kira. Ku da kuka same ta da tsufa sosai kun ɗauka son hira ne. Ina! Kaka ba ta damu da hirar kowa ba. Idonta ne ya yi rauni tun da wuri, kunne kuwa ras, sai ta yanke hukunci ita kaɗai cewa duk yaron da ya yi shiru, tauna yake yi. Ko tunani kake, ko gyangyaɗi ya ɗauke ka, ita dai a wurinta wani abu ka jefa a baki.

Ni Lawali, da ƙanwata Rabi, da autanmu Ila, mu muka fi kowa ɗanɗana wannan hukunci, a sanyin shekarar da aka rufe lekol ɗin Korgom, wato makarantar bokon garinmu. Ba a daɗe da samun mulkin kai ba, gyaɗa ce ke tashe. Ƙyanda ta ɓulla a ƙauyukan gefenmu, aka ce kowane yaro ya zauna gida, mushenmu, wato malamin lekol, ya ɗaure jakarsa a keke ya yi Tasawa. Mun ɗauka ƴan kwanaki ne. Sanyi ya shigo, ya yi ƙarfi, har ya fara tunanin tafiya, ƙofar aji tana nan ɗaure da igiya.

Ni da Rabi murna kamar an ba mu salla. Ila bai isa shiga lekol ba, amma shi ma ya taya mu tsalle. Kaka tana zaune da kaskon wutarta tana jin mu, ta ce, "Kun samu hutu ko? Madalla. Ni kuma na samu ma'aikata."

Babanmu ya riga ya sayar da duk gyaɗar da gona ta ba da, ya bi ayarin jakai yana yi wa mutane dako zuwa wurin awo. Abin da ya bari iri ne kawai, ya danƙa shi a hannun uwarsa. A zamanin nan gidan da ya rasa irin gyaɗa ya rasa haraji da rigar sallar baɗi gaba ɗaya, kuma kowa a gidanmu ya san haka. Iri ba a kai shi inji, da hannu ake ɓare shi don kada ƙwaya ta fashe. To ga yara uku marasa aikin yi, ga gyaɗa mai daɗi a gabansu, ga tsohuwar da ba ta gani sosai. Da wata ce, da ta haƙura. Kaka Cima kuwa cewa ta yi mu riƙa waƙa.

Kullum da hantsi mu jeru jikin zana inda rana ke bugawa, faifai a cinya, hannu na ɓara, baki na aiki. Ɓawon ma ba a zubarwa, shi ne makamashin kaskonta. Muka yi waƙar daka, muka yi ta gaɗa, muka yi ta masu kiwo, har suka ƙare. Rabi ta ce, "Kaka, ba mu da sauran waƙa."

"Mi mushe ke koya muku tun sahe hal la'asar? Ku yi mini shi."

Haka muka koma ƙidayar Faransanci da sunayen ranaku. Kaka ba ta san ko kalma ɗaya ba, amma ta haddace tafiyar sautin tsaf. Muna cikin "an, de, turwa" sai ka ji ta ɗaga hannu.

"Tsaya. Rabi, katur ɗin nan naki ya hito da nauyi. Buɗe baki."

"Wallahi Kaka sanyi ne ya riƙe mini harshe."

"To ga ruwa. Kurkure ki tohwa a ƙoƙo, mu ga launin sanyin."

Rabi ta kurkure ta tofa. Kaka ta kai ƙoƙon dab da hancinta, ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Ikon Allah, bana sanyi da jan ɓawo ya zo." Daga ranar kurkurar baki ta zama doka, ba mai tashi daga aiki sai ya tofa a ƙoƙo an duba.

Yara dai ana iya ba su umarni. Matsalar ita ce manya. Akwai ranar da Malam Idi, maƙwabcinmu, ya shigo gaishe ta. Ya zauna dab da faifai, ana gaisawa hannunsa yana ɗan yawo. Kaka ta ji ƙas ɗin farko, ta ji na biyu. Ba dama ta ce wa malami ya buɗe baki. Sai ta gyara lulluɓi ta ce, "Malam, tunda Allah ya kawo ka, a yi wa mahaihina addu'a."

Malam ya ɗaga hannu biyu ya yi, aka shafa. Hannu zai sauka ta ce, "Da mahaihiyata." Aka yi. "Da maigidana marigayi." Aka yi. Ta kawo ƙannen uwarta, ta kawo wata goggo da ta rasu can Issawane tun kafin a haifi Baba, tana yi tana zungurinmu da ƙafa mu yi sauri. Sai da ta ji mun kwashe faifan mun kai ɗaki sannan ta ce, "Allah shi saka, Malam. Sauran mamatan sai wani zuwan." Malam Idi bai sake zuwa da hantsi ba har sanyi ya wuce.

Mushe ma bai tsira ba. Ya dawo wata rana ya ga halin da gari ke ciki, yana wucewa ta bayan gidanmu ya jiyo ƙidaya tana tashi. Bawan Allah har idonsa ya kawo ruwa. Ya jingine keke, ya yi sallama, ya durƙusa gaban Kaka.

"Iya, na gode. Duk garin nan ke kaɗai kika riƙe wa yara karatunsu."

"Wane karatu? Kai ne mushen? To yaushe za ka buɗe ka kwashe mini su?"

"Sai an ba da izini daga Tasawa, Iya."

"Ashe kai ma zaman banza kake. Lawali, ba shi hwaihwai." Na miƙa masa faifai, ya karɓa don kunya, ya fara ɓara a nutse. Ba a jima ba Kaka ta juya kunne wajensa. "Mushe, in ji murya!" Wallahi da idona na ga mutumin da ke sa mu rawar jiki a aji yana rera ranakun mako, Ila yana gyara masa zama.

Da aka gama ɓara ta zuba irin a randa, ta barbaɗa toka, ta liƙe bakin da laka, ta sa aka ajiye randar a bayan gadonta. Ta ce ko Baba ba zai taɓa ba sai ruwan shuka ya sauka.

Bayan nan ne ƙyandar ta iso layinmu. Ta kama ɗiyan Malam Idi, ta tsallako ta kama Ila. Rabi da ni mun taɓa yi, ta ƙyale mu. Ila ya kwanta, jiki zafi, ido a rufe, baki duk ya yi miki. Fura ba ta wucewa, tuwo ba a magana. Abin da ya fi ba mu tsoro shi ne shirun. Yaron da ba ya rufe baki ya koma sai numfashi. Kaka ta ɗauke kaskonta ta koma bakin shimfiɗarsa. Na ji ta tana cewa, a hankali yadda ban taɓa jin ta faɗa ba, "Angona, in ji murya mana."

Babu ƙwayar gyaɗa ta sayarwa a garin, kowa sai iri, kuma ba mai taɓa nasa. Da rana tsaka Kaka ta ce in kawo mata taɓarya. Ta shiga bayan gado, na ji ƙwas, lakar bakin randa ta fashe. Ta ɗebo, ta wanke tokar, ta ba mahaifiyarmu ta ce a soya sama-sama a daka, a dama kunu da tsamiya, mai ruwa-ruwa. Ila ya karɓi ludayi ɗaya. Washegari ya karɓi fiye da haka. Da ta ga kunun yana wucewa, sai ta sa ana dama tukunya guda kullum, Rabi na miƙa ƙwarya ta kan zana gidan Malam Idi, daga nan ta wuce gidan gaba.

Baba ya dawo ya tarar da laka a farfashe. Ya zura hannu a randa, hannu ya shige har gwiwa kafin ya taɓa gyaɗa. Ya fito tsakar gida fuska ba annuri.

"Inna, irin hwa?"

"Na dama."

"Inna, rabi ya tahi! Mi zan shuka?"

"Ni na tsare gyaɗar nan, ni na dama ta. Ka sa hatsi a sauran gonar." Ta juya wajen ɗaki ta ɗaga murya. "Ila! In ji murya!"

Daga ciki wata ƴar siririyar murya ta fito, a shaƙe, tana hutawa tsakanin kalma da kalma: "An... de... turwa..."

Baba ya tsaya da toka a hannu, ya sunkuyar da kai. Kaka ta saurara, ta saurara, sannan ta ce, "Kai kuma ka yi shiru. Mi kake taunawa?"

Daminar nan rabin gonar gyaɗarmu gero aka shuka, kuma sallar da ta biyo baya da tsofaffin riguna muka yi ta. Ba wanda ya yi ƙorafi a gabanta. Lekol ta buɗe da zafi ya fara, muka koma aji, Kaka ta ce ta huta da hayaniya, alhali har ƙofar gida take fitowa ta jiyo dawowarmu. Ila kuwa ga shi nan kuna gani da furfurarsa, ba a taro ya bar wani ya yi magana. In ya dame ku da surutu, ku yi haƙuri, da tsada aka sayo muryar.

Yau ita ce ta yi shiru, mu ne muke marmarin jin tata. Allah ya jiƙan Kaka Cima, ya yafe mata, ya sanyaya makwancinta, ya shayar da ita kamar yadda ta shayar da ɗiyan mutane. Amin.