Amfilifayar Ɗakin Injiniya

A kamfanin ɗinkin kayan makaranta da ke bayan tashar bas, ba wanda ke kiranta da sunanta. Bahaguwa ake ce mata, ita ma ta daɗe da daina musu. Shekara ashirin da shida tana tsaye a teburin yanka, alli a bayan kunne, igiyar awo a wuya, tana fitar da hannun riga da ƙafar wando na yaran da ba za ta taɓa gani ba. Almakashin kamfani na masu dama ne, shi ya sa gindin babban yatsanta ya yi kanta. Sai da ta shekara goma kafin a sayo mata na hagu, shi ma bayan manaja ya gaji da ganin fuskarta a ƙofar ofis. Mace ce mai ƙarancin magana, ba don haƙuri ya yi mata yawa ba. Ta dai lura magana tana cin ƙarfi, ita kuwa ba ta da na zubarwa.

Mijinta, wanda duk layin ke kira Injiniya, mai gyaran rediyo da kayan sauti ne. In ka kunna masa sifika minti ɗaya, zai gaya maka inda ta tsage. Shekara talatin ya hana gidan sakat: a matsar da kujera, a sauke wannan labulen, kar a kuskura a ɗora kofi a kan akwati. Bara ya yanke jiki ya faɗi a shagonsa, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Hannun da ke riƙe ƙarfen narka dalma ya koma abin da ake ɗauka a ajiye masa a cinya. Magana ta dawo, amma da nauyi. Kunnen kuwa ko gezau bai yi ba, kuma abin tausayin ke nan.

A hawa na uku suke, ginin ba lif. In ba ranar asibiti ba, Injiniya ba ya sauka. Duniyarsa ta koma falo: kujera ɗaya, talabijin, da sifikoki biyar da ya kafa da hannunsa tun yana da hannun. Abin da ke haɗa su shi ne amfilifaya, akwatin da ke karɓar sauti daga talabijin ya raba wa kowace sifika nata. Tsohuwar ta ƙone wata biyu da suka wuce. Da wari kawai ya gane abin da ya ƙone a ciki, ya faɗi sunansa, sannan ya dubi hannunsa.

Mijin 'yarsu, yaron kirki ne amma mai gaggawa, ya kawo aron wata da yake da ita. Rimot ɗinta na da maɓallai sun fi arba'in, kowanne kamar ƙwayar magani. Da safe Bahaguwa takan saita komai kafin ta fita. Sai dai da wuta ta ɗan ɗauke ta dawo, ko yatsansa ya zame ya taɓa na kusa, shi ke nan, sauti ya tafi. Sau uku tana dawowa ta tarar da shi yana kallon mutane na motsa baki a talabijin. In ta tambaya tun yaushe, sai ya ce ɗazu. Maƙwabciyarsu ta ɗakin da ke kallon nasu ce ta tona shi, ta ce ai tun ƙarfe tara ba ta ƙara jin motsi ba. Awa takwas ke nan mutumin da ya yi rayuwarsa cikin sauti yana zaune shi kaɗai, ko tari ba wanda ya yi masa. Ranar Bahaguwa ba ta iya cin abinci ba.

Ranar Asabar rabin yini ake yi a kamfani. Tana tashi ta hau bas, ƙafafunta a kumbure, ta nufi shagon kayan sauti da ke saman wani babban kanti. Mai shagon dattijo ne mai furfura a gemu, da alama shi ma ya gaji da bayani wa mutanen da ke zuwa su ji kiɗa kyauta su tafi. Ya dube ta, ya dubi tsohuwar jakarta, ya fara nuna mata wasu ƙananan rediyoyi. Ta zaro takarda ta miƙa masa. Tsawon falo da faɗinsa, nisan kujera da talabijin, inda kowace sifika take, duk ta auna da igiyar awonta ta rubuta. Ta ce amfilifaya take nema, ba ta son ta arha mai lalacewa, ba ta kuma da ƙarfin ta manya, ta tsakiya take so. Mai shagon ya gyara tsayuwa, ya ce Mama ta shigo ciki.

Ɗakin gwajin ba taga, an lulluɓe bangonsa da kafet, ga doguwar kujera a tsakiya. Tana zama ta ji barci na neman ɗaukarta, don rabon da ta zauna a abu mai laushi haka da rana tsaka ta manta. Ya jera mata guda uku. Ya sa wani fim na motoci suna karo, ƙasa na girgiza. Ta ɗaga hannu ta ce ya cire, ai kowane gwangwani ya iya ƙara. Ya sa mata inda mutum biyu ke magana a hankali. Zaman shekara talatin da Injiniya bai tafi a banza ba, ko da yake ba ta taɓa gaya masa tana sauraron surutunsa ba.

Ta farko ba ta ɗauki lokaci ba, gurnani ya yi mata yawa, murya ta nutse a ciki kamar ana magana a ƙarƙashin bargo. Da ya kunna ta biyu, barcin ya gudu. Ta ji numfashin mai maganar kafin ya buɗe baki. Ta ji an ajiye kofi a tebur can ta hagu, har ta waiwaya. Nan take ta san irin murmushin da mijinta zai yi, na gefen baki ɗaya da ya rage masa. Amma fuskar akwatin sumul take kamar madubi, ba abin kamawa ko ɗaya. Komai sai ta rimot, sai an shiga wani shafi a talabijin an fita wani. Ta uku ba laifi, magana na fita tar, sai dai kiɗan ba nauyi, kamar shayin da aka yawaita wa ruwa. Ita kuma tana da ƙaton abin murɗawa a gaba mai girman murfin kwalba, da maɓallai huɗu manya. Mai shagon ya ce tana tashi tare da talabijin, in wuta ta ɗauke kuma tana komawa inda aka bar ta.

Sai Bahaguwa ta yi wani abu da ya sa dattijon ya bi ta da kallo. Ta cusa hannunta na hagu a ƙarƙashin cinya ta danne, ta ɗauki rimot ɗin ta biyu da dama. Ta yi masa bayani a taƙaice: mijinta hagu ce ta rage masa, hannun da bai taɓa aiki da shi ba. In ita ta gwada da hagu ta yi ha'inci, don nan ƙarfinta yake. Ta sa ya zare wayar wuta ya mayar, kamar yadda ake yi musu a gida. Ta fara lalube. A dannawa ta uku yatsanta ya zame, sauti ya ɗauke, wani rubutu ya cika talabijin. Mai shagon ya miƙo hannu zai karɓa.

"Bar ni, Malam," ta ce. "A can ba wanda zai karɓa."

Minti bakwai tana fama, gumi na tsattsafo mata a goshi, ba ta dawo da muryar ba. Da ta koma kan ta uku, da bayan yatsu ma ta murɗa ta yi.

Mai shagon bai yi mata daɗin baki ba, kuma ta gode masa a ranta. Ya ce in dai maigidan na da kunne yadda ta faɗa, zai gane bambancin tun kafin a gama gaisuwa a fim. Ta kira 'yarta. 'Yar ta ce a sayi mai daɗin, Baba ya cancanta, ita za ta riƙa koya masa ta waya. Bahaguwa ta ce to, ta kashe. Ta san wayar 'yar nan tana yini a aljihun rigar aiki daga safe har yamma. Ta daɗe a zaune tana kallon akwatunan biyu. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta ga ko wanne ta ɗauka akwai abin da za ta ƙwace wa mutumin nan. Daga ƙarshe ta nuna ta ukun, ta ce a haɗa mata da dogayen wayoyi.

Da la'asar mai haɗawa na shagon ya hau da kwalin yana haki. Ta sa ya ajiye amfilifayar a kan ƙaramin tebur daf da hagun kujerar Injiniya, ba a ƙarƙashin talabijin ba. Injiniya bai bar ko waya ɗaya ta wuce idonsa ba, sau biyu yana gyaran murya har mutumin ya warware ya sake. Da aka gama mutumin ya tafi, Bahaguwa ta kunna talabijin, akwatin ya tashi da kansa. Injiniya ya rufe ido. Ta tsaya a bakin ƙofar kicin da tsumma a hannu, ba abin da take gogewa.

Bai kai minti biyu ba ya buɗe ido.

"Akwai wadda ta fi wannan a shagon," ya ce, kalmomin na fita ɗaya-ɗaya.

"Akwai."

"Kin ji ta?"

"Na ji ta. Ta fi wannan daɗi nesa ba kusa ba."

"Kuɗi ne?"

Da ta ce eh da an wuce wurin. Amma ta gaji, gajiyar da ba ta bar mata ƙarfin shirya ƙarya ba.

"Ba kuɗi ba ne, Baban yara. Ba za ka iya kunna ta ba."

Shekara guda ke nan likita da 'ya'ya da masu dubiya kowa na ce masa saura kaɗan, hannu zai dawo. Ba wanda ya taɓa faɗa masa wannan a fuska. Ya kau da kai wajen taga. Ta koma kicin ta zauna a kan kujerar roba. Ta yi nadama, amma ta ji kamar ta sauke wani kaya, kuma ta ji kunyar jin hakan.

Bai yi mata magana ba ranar, bai yi ba ran Lahadi. Ta ba shi magani ya karɓa, ta taimaka masa ya yi wanka, idonsa a bango. Amfilifayar ko kallonta bai yi ba.

Litinin da safe ta ajiye masa ruwa da abincin rana inda hannunsa zai kai. Ta ɗauki jaka, ta dubi talabijin, ta bar shi a kashe. Ta ce ta tafi, bai amsa ba. A hawa na biyu ta tsaya ta dafa ƙarfen bene. Bas ɗin bakwai da kwata ba ya jiran kowa, ta sani, kuma in ta makara manaja zai yi magana. Ta ci gaba da tsayuwa. Wani ya sauko da kwandon shara ya gaishe ta ya wuce.

Can sai muryar mai karanta labarai ta ɓarke daga sama, da ƙarfi har tagar bene ta amsa. Sai ta ragu, ta yi ƙasa sosai, ta sake ɗagowa kaɗan, ta tsaya daidai. Ba ta san ko ya huce ba, wataƙila ma sai an kwana biyu. Ta gyara jakarta a kafaɗa ta sauka, bas ɗin kuwa ya riga ya tafi, ta tsaya jiran na gaba.